Nana Asma'u 'yar Shehu, kakar da ta naɗa wa tsofaffin mata rawani

  

A wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, shugabanni sun bar wa ofishin magatakarda shafukan tsakiya, suka ce mu kawo tarihin wani daga cikin magabata. Da yawa sun ɗauka attajiri za mu ɗauko, irin su Alhasan Ɗantata na Kano, wanda babu ɗan kasuwar da bai san sunansa ba. Mace muka zaɓa, macen da ba ta taɓa ɗora wa jaki mangala ta nufi Gwanja ba, ba ta kuma taɓa zaman rumfa ba. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864 bayan ta haura shekara 70 a duniya.

Ga dalilinmu. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin rajistar ƙungiya irin tamu ya san mutane iri biyu ne ke ɗauke da ita. Akwai masu biyan kuɗin wata, sunayensu na rubuce, kowa da lambarsa. Akwai kuma waɗanda ba su cikin kowane littafi, amma ranar da aka yi rashi, ko mota ta faɗi da ɗan ƙungiya a hanya, su ake fara tura yaro ya kira, wato tsofaffin matan unguwa. Irin waɗannan mata Nana Asma'u ta duba, ta haɗa su ƙungiya, ta naɗa musu shugabanni, ta ba su alamar da za a gane su da ita, aikin kuma ya rayu bayanta sama da shekara 150.

An haife ta a Degel, wani ƙauye a ƙasar Gobir ta wancan zamani, arewa da inda Sakkwato take a yau, wajen shekara ta 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hasan. Bisa al'ada Usaina ya kamata a kira ta, amma mahaifinta ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci lokacin da suke ɓoye a kogo a kan hanyar hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Asma'u tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka raine ta, cikinsu har da Hauwa'u, mahaifiyar Muhammadu Bello. Nan shaƙuwarta da yayanta Bello ta samo asali, shaƙuwar da ba ta yanke ba har ya koma ga Allah.

Degel gari ne na karatu. Ɗalibai na zuwa daga nesa, Fulani, Hausawa, Buzaye, kowa da harshensa, kuma a gidan Shehu ba maza kaɗai ke ɗaukar darasi ba. Shehu ya sha sukar malaman da ke koyar da ɗaliban waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Shi ma an soke shi a kan haka. Wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya yi masa inkari saboda yana barin mata su halarci wa'azinsa, ƙanensa Abdullahi ɗan Fodiyo ya mayar da amsa a rubuce. To, a wannan gida yarinyar ta tashi. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi karatun fiƙihu da sauran fannoni, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa har tana rubutu da su, tana kuma jin harshen Buzaye. Mu da muke ciniki da Larabcin Chadi da safe, da Barbarci da rana, da Faransanci a gaban 'yan duwan, mu koma Hausa a gida, ba sai an gaya mana amfanin harshe huɗu a baki ɗaya ba.

Tana da shekara kamar 11 zama ya ƙi daɗi tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 suka tashi daga Degel zuwa Gudu, mata da yara da tsofaffi, littattafan Shehu a kan raƙuma. A watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara, amma abin da ya biyo baya ba sauƙi ba ne. Babu gona, babu rumbu, ga yaƙi ta kowane gefe. A Tsuntsuwa, ƙarshen shekarar, an yi musu mummunar ɓarna, mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka kwanta dama. Suka gangara Zamfara, daga nan suka koma Gwandu, aka sake shan wuya a Alwasa a 1805. Yunwa da ciwo sun ci mutane kamar yadda takobi ya ci. Sai a 1808 Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi, a shekarar da ta biyo kuma Bello ya fara gina Sakkwato. 'Yan'uwanmu da suka tsallaka daga Gamboru zuwa Fotokol a 2014 da abin da ke jikinsu kawai sun fi mu sanin abin da yarinya ke gani a irin wannan tafiya, da abin da ba ya fita daga ranta har tsufa.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya. A cikin ƙungiyar nan akwai Gobirawa, akwai Katsinawan Maraɗi, akwai Barebari, waɗanda kakanninsu suna ɗaya gefen a waɗancan yaƙe-yaƙe. An ƙone garuruwa, an kama mutane bayi, an raba uwa da ɗa, kuma kowane gida da yadda aka ba shi labarin. Ba shari'ar wannan muka zauna yi ba, ba mu isa ba ma. Abin da ya kawo mu shi ne abin da mace ɗaya ta yi da ragowar da yaƙi ya bari, domin a ganinmu nan darajarta take.

Tun ana cikin wannan hali, wajen 1807, aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba. Ta haifa masa 'ya'ya maza shida, na farinsu Abdulƙadir. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, Giɗaɗo ya zama wazirinsa. Wazirin Sakkwato a lokacin mutum ne na hanya. Shi ke kai da kawo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas, musamman Kano, shi ke karɓar wasiƙu, shi ke saukar da manyan baƙi. Baturen Ingila Kilafaton, da ya zo Sakkwato a 1824, a hannun Giɗaɗo ya sauka. Da ya dawo a 1826 ya tarar ana rikici tsakanin Sakkwato da Shehu Laminu na Barno, Bello ya hana shi wucewa da wasiƙa da kyaututtukan da ya ɗauko wa Kukawa, a Sakkwato kuma ajalinsa ya same shi a 1827. Ashe rufe hanya tsakanin ƙasar Hausa da bakin Tafkin Chadi ba a zamaninmu aka fara shi ba. Masu kanwa da masu turkuɗi na wancan lokaci sun ɗanɗana abin da muka ɗanɗana daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa.

Matan 'yan kasuwa sun san zaman gidan da maigida kullum yana kan hanya, baƙi kuma ba sa yankewa. Irin wannan gida Nana Asma'u ta riƙe shekara da shekaru, a unguwar da har yau ake kira Giɗaɗawa a Sakkwato, da kuma Wurno, garin ribaɗin da Bello ya gina ya zauna a ciki. Ga goyo, ga tukunyar baƙi, ga dangi, amma ba ta ajiye alƙalami ba. Bayan rasuwar Shehu tana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tattara littattafansa da tsara su, aikin da ya ci shekaru, domin takardu ne na hannu da suka sha hijira da damina da gara. Mu a wannan ofis, da rasiɗan shekara uku kawai ke neman gagararmu, mun san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Rubutunta na kanta ya fara fitowa wajen 1820, kuma abin da ya iso ga mutanen yau ya haura 60, wasu da Larabci, da yawa da Fulatanci, wasu da Hausa. Yadda take raba harsunan abin lura ne. In malamai take nufi sai ta yi Larabci, har ta yi musayar rubutu da wani malami da ya zo daga ƙasar Shingiɗi, wato Muritaniya ta yau. In danginta da mutanen gidan Shehu take nufi sai ta yi Fulatanci. In kuwa talakawa take so su ji, matan ƙauye da bayi da waɗanda aka kamo a yaƙi, sai Hausa. Ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa masu tauye mudu. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani cikin gajeriyar waƙa domin mai koyo ya riƙe su a ka. Ta ba da labarin hijira da yaƙe-yaƙen da ta gani da idonta, a waƙar da Hausawa suka sani da Waƙar Gewaye. Ƙanenta Isa, autan Shehu, ya taimaka ƙwarai wajen juya ayyukanta daga Fulatanci zuwa Hausa. Kusan duk a waƙe ta yi su, saboda ta san yawancin waɗanda take nufi ba su da takarda, ba su iya karanta ta ba ko da sun samu, amma mace na iya riƙe baiti tana daka, tana kaɗi, tana jan ruwa a rijiya.

Bello ya san abin da ke hannun ƙanwarsa. Da ya rubuta littafi da Larabci a kan salihan mata na tarihin Musulunci, ita ta juya shi waƙa da Fulatanci da Hausa wajen 1836 zuwa 1837. Ta jero matan Annabi da 'ya'yansa, da su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta ƙara da matan da ta sani a Degel da Sakkwato, waɗanda masu sauraro suka taɓa gani da ido. Wannan dabara ce babba, domin mai ji sai ta gane cewa salihanci ba a Makka da Basra kaɗai ya tsaya ba, ana iya samunsa a gidan maƙwabta.

Shekarun nan ne kuma suka fi nauyi. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye. A 1837 Bello ya rasu a Wurno. Ƙasa ta cika da zawarawa da marayu da matan da aka rabo da garuruwansu aka zuba a ƙauyuka da rinjoji, da yawansu ba su san komai na addini ba sai suna, abin da suka gada kuma shi ne bori. Malaman gari ba za su shiga gidajen mutane su koyar da matan aure ba. Matan auren kuma ba za su bar gida da yara su yi tafiyar kwana biyu zuwa Sakkwato ba. To, ta yaya karatu zai isa gare su?

Amsar da Nana Asma'u ta samo ita ce ta sa muka zaɓe ta. Ta duba ta ga akwai mata iri biyu da al'ada ba ta hana su tafiya ba: 'yan mata ƙanana da ba su kai aure ba, da tsofaffin da suka gama haihuwa. Sai ta gina aikinta a kansu. Daga kowane ƙauye ko yanki ake samun dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda mutanen wurin suka yarda da ita, a naɗa ta shugaba. Ita za ta taho da ayarin tsofaffi da 'yan mata a ƙasa, su zo wurin Nana, su zauna kwanaki suna ɗaukar karatu da waƙoƙi, su yi tambayoyin da matan ƙauyensu suka aiko su da su, na tsarki da salla da aure da gado da zaman tare, sannan su koma su shiga gida gida suna koyar da waɗanda ba su iya fitowa. Waɗannan su ake kira 'Yan Taru.

Sunan da aka ba shugabar kowane ayari kuwa, ku 'yan kasuwa ku saurara da kyau, jaji ne. Kalmar fatake ce. A ayarin da ke zuwa Gwanja ɗauko goro, madugu ne babba, amma jaji, wanda wasu ke kira jagaba, shi ke gaba. Shi ya san hanya, ya san inda ruwa yake, ya san zangon da za a sauka da wanda za a wuce, shi ke fara cin karo da duk abin da ke jiran ayari. Wannan suna na mazan jiya masu kwana a daji shi aka ɗora wa tsohuwar ƙauye mai sanda da ƙullin goro.

Ba suna kaɗai ta ba su ba. Kowace jaji Nana na naɗa ta da hannunta, ta sa mata malfa, ta naɗe malfar da jan rawani. A ƙasar Gobir malfa alama ce ta Inna, babbar mace ta gidan sarauta wadda 'yan bori ke ƙarƙashinta, kuma babu matar ƙauyen da ba ta san girman mai sanye da ita ba. Nana ba ta ce a ƙone malfa ba. Ɗaukar ta ta yi, ta ɗora a kan malama, ma'anarta ta juya. Duk inda jaji ta ratsa da malfarta an san wadda ta aiko ta, ba mai tare ta, ba mai yi mata wargi. Mu da muke yawo da katin ƙungiya a aljihu, muna fito da shi a gadar Ngeli ko a shingen jandarma, mun san abin da alama ke yi wa matafiyi.

'Yan Taru ba sa zuwa hannu rabbana. Sukan riƙo abin da ƙauye ke da shi, hatsi, zuma, man shanu, ɗan ƙyallen saƙi, su kawo sadaka, Nana kuma ta rarraba wa mabuƙata. Idan sun koma gida, bayan koyarwa, su ne masu wankan gawar mace, su ne masu duba mara lafiya da mai jego, masu share masallaci, masu tara taimako ga wanda ya rasa, masu shiga tsakani in kishiyoyi ko maƙwabta sun saɓa. Babu albashi, babu ma'aji, babu ofis. Amma akwai tsari: kowa ya san shugabarsa, shugaba ta san wurin wa za ta koma, kuma in jaji ta tsufa ko ta rasu akan naɗa wata a gurbinta. Wannan tsarin shi ne bambancin 'Yan Taru da alherin da kowace tsohuwar kirki ke yi ita kaɗai, wanda yakan bi ta kabari.

Akwai wani abu a halinta da ya fi taɓa mu. Ta yi marsiyya ga manya, ga Bello, ga mijinta Giɗaɗo da ya rasu wajen 1850, ga aminiyarta A'isha matar Bello. Wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace ce kawai ta unguwa, ta kuma yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u. Abin da ta yabe su da shi ba dukiya ba ne ko asali, haƙuri ne da riƙon zumunci da kyautata wa maƙwabci da tsayuwa kan aikin da aka ba su. 'Yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar waziri, ta zauna ta rubuta sunan tsohuwar da ke tahowa a ƙasa daga ƙauye, shi ya sa har yau, bayan shekara sama da 160, muke iya ambaton Hauwa'u a Gardole. Attajirai nawa na zamaninta suka shuɗe ba wanda ya san ko sunansu?

Ta ga zamanin mahaifinta, ta ga na Bello, da na Abubakar Atiku, da na Aliyu Babba wanda ɗanta Abdulƙadir ya yi wa waziri, ta rasu a zamanin Ahmadu ɗan Atiku. Ta binne tagwayenta, ta binne miji da yayye da ƙawaye, ta ga jikoki. An rufe ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato, kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam, wadda ta yi zaman aure a Kano a gidan Sarki Ibrahim Dabo, ita ta karɓi jagorancin 'Yan Taru. Wazircin Sakkwato kuma ya zauna a gidan Giɗaɗo. Waziri Buhari, wanda Turawa suka tarar a 1903, daga gidan yake, haka ɗansa Waziri Junaidu, babban malamin tarihi da ya rasu a 1997. A hannun Waziri Junaidu takardunta da yawa suka tsira, daga wurinsa kuma wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta samu abin da ta rubuta tarihin Nana da shi a 1989. A 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga ayyukanta a littafi guda. Yau makarantun mata masu sunan Nana Asma'u ba su ƙirguwa a arewacin Najeriya.

Wani zai ce ina ruwan Gardole da Sakkwato, tafiyar da ko a mota sai an kwana a hanya? A lokacin da Nana ta rasu babu ma birnin nan. Sai a 1900, bayan yaƙin Kusuri inda Rabe da kwamandan Faransa Lami suka mutu rana ɗaya, aka kafa Fort-Lamy, wadda tsofaffinmu ke kira Fallomi, aka kuma sauya mata suna zuwa Injamena a 1973. Shekara uku bayan kafa ta, a 1903, Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har gobe. Daga nan har zuwa lokacin da jirgin sama ya karɓe aikin hajji, hanyar alhazan ƙasa ta nan take bi, a ƙetare Shari, a nufi Ati da Abeshe da Adare, a shiga Darfur. Wasu guzuri ya ƙare musu a nan, suka tsaya neman na gaba, suka kama sana'a, suka yi aure, tafiyar ta zama zama. Da yawanmu jikokinsu ne. Kuma a kowane irin wannan ayari akwai tsofaffin mata, su ke karɓar haihuwa a zango, su ke wanke wadda ta rasu a hanya, su ke riƙe yaran da iyayensu ba su kai ba.

Har yau ba su daina ba. A shekarun da hanyar Dikwa zuwa Gamboru ta zama ta mutuwa, da ranar 11 ga Yulin 2015 da bam ya tashi a ƙofar babbar kasuwa, ba nisa da unguwar nan, asusun ƙungiya ya yi iya ƙoƙarinsa, muna da shaidar abin da ya fita. Amma asusu ba ya kwana a asibiti. Ba ya dafa abincin kwana uku a gidan makoki, ba ya zama da amaryar da aka ce mijinta ba zai dawo ba. Iyayenmu mata ne suka yi wannan, waɗannan da ke sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa da turaren wuta a bakin ƙofa, masu adashen sefa ɗari biyar biyar. Su suka buɗe ɗakunansu ga matan da suka tsallako ba su san kowa ba. Wasunsu sun rasu tun daga lokacin, kuma da muka buɗe littattafan ofis domin shirya wannan fitowa, ba mu sami sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, domin littafin na masu biyan kuɗin wata ne kawai.

Saboda haka ofishin magatakarda zai gabatar da shawara a babban taro mai zuwa, muna kuma roƙon iyayenmu shugabanni su dube ta da idon rahama. A kowace unguwa da muke da mutane, nan da Kusuri, matan wurin su zaɓi dattijuwa ɗaya da suka yarda da ita. A rubuta sunanta a littafi, a ba ta kati ba tare da ta biya komai ba, a ba ta kujera a taron kwamitin taimako, domin ita ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, abin da mai gidan ba zai taɓa faɗa a gaban maza 'yan'uwansa ba. A ware mata ɗan kuɗin mota da na waya daga asusu. Kowace kuma ta ɗauki yarinya ɗaya ko biyu masu zuwa makaranta su riƙa raka ta, suna rubuta mata abin da ya kamata a rubuta, suna koyon wankan gawa da karɓar baƙo da sasanta mutane tun masu iyawa suna raye. In taro ya ga dama a kira su jaji, sunan namu ne tun asali, fatake aka ara.

Wanda harka ta kai shi Sakkwato, Hubbare na cikin gari, ba shi da wuyar tambaya, kuma har yanzu mata na zuwa ziyara daga ƙauyuka ƙungiya ƙungiya, tsofaffi a gaba. Masu son ƙara wani suna cikin jerin iyayenmu mata da suka rasu, wanda muka fara tattarawa, su same mu a ofis bayan sallar la'asar, ko su ba wakilin unguwarsu. Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya jiƙan Hauwa'u da Halima, ya jiƙan namu da suka riga mu, amin.